Sau biyu Sanders ya rasa tikiti: ta ina ya bi ya shiga manufofin jam'iyyar Democrat?

Ɗan Birni:

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga masu bin siyasar Amurka sosai. Sanata Bernie Sanders ya nemi tikitin takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar Democrat a 2016, Hillary Clinton ta kayar da shi. Ya sake nema a 2020, Joe Biden ya kayar da shi. Amma duk inda aka yi sharhi sai a ce shi ya ja jam'iyyar zuwa ɓangaren masu neman sauyi, a kan albashi da kiwon lafiya da kuɗin makaranta da sauyin yanayi. Mutumin da ko a Majalisar Dattawa a matsayin ɗan ba-ruwana yake zaune.

A nan gida wanda ya zo na biyu a zaɓen fidda gwani, ko dai a ba shi haƙuri da alƙawarin muƙami, ko ya kwashi jama'arsa ya sauya sheƙa. Ba a jin an zauna da shi a kan abin da za a rubuta a manufofin jam'iyya. To a can wace ƙofa ce wanda ya faɗi yake bi? Me ya samu a rubuce, me aka hana shi, kuma a cikin abin da aka rubuta ɗin nawa ne ya zama doka? Don Allah a ba ni dalla-dalla, ba yabo ko suka ba.

Malam Mai Nazari:

Wa alaikumus salam Ɗan Birni. Ƙofar ita ce lissafin deliget, daga nan komai ya samo asali.

A zaɓen fidda gwanin Democrat, wanda ya zo na ɗaya a jiha ba ya kwashe deliget ɗinta duka. Rabawa ake yi gwargwadon ƙuri'a, ga duk wanda ya kai kashi 15 cikin 100. Saboda haka Sanders ya je babban taron Philadelphia a watan Yulin 2016 da zaɓaɓɓun deliget wajen 1,850, Clinton kuma wajen 2,200. Ya samu ƙuri'a kimanin miliyan 13, kashi 43 cikin 100, ya ci jihohi 22. Waɗannan deliget ba ado ba ne. Akwai manyan kwamitoci uku na babban taro: na manufofi, na ƙa'idoji, da na tantance wakilai. A shekarar kowannensu mutum 187 ne, kuma akasarin kujerun ana raba su ne bisa yawan deliget na kowane ɗan takara. Ga kuma ƙa'idar da ta fi tsorata wanda ya ci: idan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan kwamiti suka sa hannu a rahoton marasa rinjaye, dole a kai batun zauren babban taro a kaɗa ƙuri'a a gaban kyamarori. Ɗan takarar da ke son kwana huɗu na tafi da haɗin kai a talabijin ba ya son a ga rabin zaure yana masa ihu. Don haka ya gwammace ya biya farashi tun a ɗakin kwamiti.

Kafin babban kwamitin akwai ƙaramin kwamitin rubuta daftari na mutum 15. A al'ada shugaban jam'iyya ne ke naɗa su duka. A watan Mayun 2016 aka yi yarjejeniya: Clinton ta kawo 6, Sanders 5, shugabar jam'iyya Debbie Wasserman Schultz 4, Elijah Cummings ya shugabanta. Mutanen Sanders su ne Keith Ellison, Cornel West, Bill McKibben, James Zogby da Deborah Parker. Ka lura da lissafin: 5 cikin 15 ba sa iya cin ƙuri'a su kaɗai, sai sun janyo wasu daga ɗaya ɓangaren. Shi ya sa a zaman St. Louis na ƙarshen Yuni, shawarar McKibben ta haramta haƙar gas ta hanyar fasa duwatsun ƙarƙashin ƙasa ta faɗi 7 da 6.

A zaman babban kwamiti a Orlando, 8 da 9 ga Yuli, aka samu abubuwan da ake yawan ambata. Mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 15 a awa, alhali Clinton ta fara ne da dala 12. Kalaman ɗora farashi a kan hayaƙin da ke dumama duniya. Hanyar halasta wiwi, wadda ta wuce da ƙuri'a ɗaya tak, 81 da 80. Kundin ya kuma ƙunshi soke hukuncin kisa da maido da dokar raba bankin ajiya da bankin cacar hannun jari. Abin da aka hana shi ma ba ƙarami ba ne: inshorar lafiya ta gwamnati ga kowa da kowa, haramta waccan haƙar gas, ambaton mamayar Isra'ila a yankunan Falasɗinawa, da fitowa fili a ƙi TPP, yarjejeniyar ciniki tsakanin Amurka da wasu ƙasashen yankin tekun Pacific. Wannan ta ƙarshe ta faɗi duk da Clinton da kanta ta juya wa yarjejeniyar baya tun Oktoban 2015, saboda ba a son kunyata Obama yana kan kujera yana neman majalisa ta amince da ita.

Makami na biyu shi ne lokacin mubaya'a. An gama zaɓen fidda gwani ranar 14 ga Yuni, amma Sanders bai mara wa Clinton baya ba sai 12 ga Yuli a Portsmouth, jihar New Hampshire. Duba abin da ya faru a tsakani. Ranar 6 ga Yuli Clinton ta sanar da karatu kyauta a jami'o'in gwamnati na jiha ga iyalan da kuɗin shigarsu bai wuce dala 125,000 a shekara ba, a shiga matakin a hankali. Ranar 9 ga Yuli ta sanar da ƙarin dala biliyan 40 cikin shekara goma ga asibitocin unguwa, da damar shiga shirin Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati ga tsofaffi, tun daga shekara 55. Kwana uku bayan haka aka tsaya tare a kan mumbari. Wannan ciniki ne ƙarara, kuma yana yiwuwa ne kawai kafin ka furta goyon baya. Da ka furta, hajarka ta ƙare.

Abin da ya ba shi juriyar jira shi ne kuɗi. Ya tara sama da dala miliyan 200, akasari ƙananan gudummawa ta intanet, matsakaicinsu dala 27 da yake ta maimaitawa. Ɗan takarar da ya dogara da attajirai ishirin, wayar tarho ishirin ta isa ta tsayar da shi. Wanda miliyoyin mutane ke ba dala 27, babu wanda za a kira a ce ya rufe famfo.

Hajiya Uwar Biyu:

Malam ya yi bayanin 2016 yadda ya kamata. Ni ina ganin 2020 ta fi koyar da darasi, domin a shekarar Sanders ya fi rauni a akwatin zaɓe amma ya fi samun shiga.

Ya ci New Hampshire da Nevada, sai Biden ya yi masa kaca-kaca a South Carolina ranar 29 ga Fabrairu bayan Jim Clyburn, babban ɗan majalisar wakilai daga jihar, ya mara masa baya. Cikin kwana biyu Buttigieg da Klobuchar suka janye suka koma bayan Biden, ranar 3 ga Maris Biden ya ci jihohi 10 cikin 14. Sanders ya dakatar da yaƙin neman zaɓe ranar 8 ga Afrilu, ya yi mubaya'a ranar 13. Kwana biyar kacal, ba wata guda ba. Amma ya bar sunansa a takardar ƙuri'a a sauran jihohi don ya ci gaba da tara deliget, kuma a ƙarshen Afrilu ɓangarorin biyu suka amince ya riƙe kujerun deliget na matakin jiha da ƙa'ida ta ce wanda ya janye zai rasa. Manufar dai waccan kashi ɗaya cikin huɗu ce a kwamitoci.

Mutanen Biden sun ga abin da ya faru a Philadelphia, inda aka yi ta ihu a zaure bayan fitowar saƙonnin imel na ofishin jam'iyya har shugabar ta yi murabus ana gobe buɗe taro. Sai suka ɗauke cinikin daga zauren kwamiti suka kai shi wani ɗaki tun da wuri. A watan Mayu aka kafa kwamitocin haɗin kai guda 6: sauyin yanayi, tattalin arziki, ilimi, lafiya, shige da fice, da gyaran harkar shari'a. Galibi mutum 5 na Biden, 3 na Sanders, kowane da shugabanni biyu, ɗaya daga kowane gefe. John Kerry da Alexandria Ocasio-Cortez suka jagoranci na yanayi, Vivek Murthy da Pramila Jayapal na lafiya. Ranar 8 ga Yuli suka fitar da rahoto mai shafi 110, kuma an kwashe sassa da yawa nasa zuwa kundin manufofin jam'iyya.

Inda aka fi ganin motsi shi ne yanayi. Shirin Biden na lokacin fidda gwani dala tiriliyan 1.7 ne cikin shekara goma. Wanda ya sanar ranar 14 ga Yuli dala tiriliyan 2 ne cikin shekara huɗu, da wutar lantarki marar hayaƙi kafin 2035. A lafiya kuwa Biden bai gusa sosai ba: rage shekarun shiga Medicare daga 65 zuwa 60, da inshorar gwamnati da za ta yi gasa da ta kamfanoni. Da mutanen Sanders suka kawo inshorar kowa da kowa a kwamitin manufofi, ta faɗi 125 da 36.

Yanzu ga tambayarka ta ƙarshe, ɗan'uwa, me ya zama doka. Kundin manufofi ba ya ɗaure kowa. Babu kotun da za ka kai sanata don ya saɓa masa. Abin da ke hukunci shi ne Majalisar Dattawa, inda yawancin dokoki ke buƙatar ƙuri'a 60 cikin 100 kafin a rufe muhawara. Bayan zagaye na biyu na zaɓen sanatocin Georgia ranar 5 ga Janairun 2021, majalisar ta zama 50 da 50, mataimakiyar shugaban ƙasa ce mai raba gardama. Hanya ɗaya ta kauce wa ƙuri'a 60 ita ce dokar daidaita kasafi, wadda rinjaye kaɗai ya ishe ta, amma sai abin da ya shafi kuɗin shiga ko kashewar gwamnati kai tsaye. Sanders ya zama shugaban kwamitin kasafin kuɗi, wato ƙofar wannan hanya. Biden ya faɗa a fili cewa ya yi tunanin ba shi ministan ƙwadago, suka ga kada a jefa kujerarsa ta sanatan Vermont cikin haɗari a majalisa mai kunnen doki.

Dala 15 ta mutu a nan. Ranar 25 ga Fabrairun 2021 jami'ar da ke fassara ƙa'idojin majalisar, Elizabeth MacDonough, ta ce albashin da kamfanoni ke biya ba batun kasafi ba ne. Sanders ya kawo shi a matsayin gyara ranar 5 ga Maris, ya faɗi 42 da 58, mutum 8 daga ɓangaren Democrat suka ƙi. Wato ko da jami'ar ta yarda, ƙuri'a 50 ɗin babu su. Abin da aka samu shi ne umarnin shugaban ƙasa na dala 15 ga ma'aikatan 'yan kwangilar tarayya. Albashin tarayya na kowa ya tsaya a dala 7.25 da yake tun 2009.

Babban shirin jin daɗin jama'a kuwa, Sanders ya fara da tiriliyan 6, aka amince da 3.5 a watan Agusta, Biden ya sauko 1.75 a Oktoba. Masu neman sauyi a Majalisar Wakilai suna riƙe da dokar gina hanyoyi da gadoji wadda Sanata Joe Manchin na Democrat ke so, sun ce sai an wuce da biyun tare. Ranar 5 ga Nuwamba suka saki, bisa alƙawari. Mutum 6 ne kawai daga cikinsu suka ƙi. Ranar 19 ga Disamba Manchin ya fito a talabijin ya ce ba ya yi. Wannan shi ne kuskure mafi tsada da ɓangaren ya yi: sun miƙa abin da ke hannunsu kafin su karɓi nasu. Abin da ya rage shi ne dokar Agustan 2022 da ta wuce 51 da 50: kimanin dala biliyan 369 a makamashi da yanayi, ikon Medicare ta yi cinikin farashin magani da kamfanoni, insulin a dala 35 a wata ga tsofaffin da ke cikin shirin, da iyakar dala 2,000 a shekara na kuɗin magani daga aljihu a 2025.

Baban Yara:

Hajiya da Malam, ban musa alƙalumanku ba, amma ina ganin ana ɗora wa mutum ɗaya kayan mutane da yawa.

Yaƙin dala 15 ma'aikatan gidajen abinci ne suka fara shi da yajin aiki a New York a watan Nuwamban 2012, ƙungiyar ƙwadago ta SEIU na bayansu, kuma wannan ƙungiya Clinton ta mara wa baya a fidda gwani. Seattle ta amince a 2014. California da New York sun sa hannu a Afrilun 2016, kafin zaman Orlando. A 2020 masu zaɓe a Florida sun amince da dala 15 da sama da kashi 60 cikin 100, a ranar da Trump ya ci jihar. Tallafin yara na 2021, wanda ya kai dala 3,600 ga ɗan ƙasa da shekara 6, aikin Rosa DeLauro ne da Michael Bennet da Sherrod Brown na shekaru. Cinikin farashin magani kuma jam'iyyar na nemansa tun dokar 2003 da ta haramta shi. Sannan girman dokar agaji ta dala tiriliyan 1.9 ta 2021 annobar korona ce ta kawo shi, da kuma nadamar da mutanen Obama ke yi cewa agajin 2009 ya yi kaɗan.

Gwajin gaskiya shi ne abin da ke faruwa idan babu mai ƙalubalantar. A 2017 Sanders ya gabatar da ƙudirin inshorar kowa da kowa, sanatoci 16 suka sa hannu, har da Kamala Harris, alhali a 2013 babu ko ɗaya. A 2024 da ta zama 'yar takara ba tare da zaɓen fidda gwani ba, ta ajiye wannan, ta ajiye haramta haƙar gas, kuma kundin 2024 ya cire soke hukuncin kisa da ke cikin na 2016 da 2020. Masu ƙin manufar Biden a kan Gaza sun samu ƙuri'a sama da 100,000 a Michigan, amma deliget ɗinsu ba su wuce 'yan gommai ba cikin kusan 4,000, ko minti biyar a mumbarin babban taron Chicago ba a ba su ba.

Akwai kuma farashin da ba a son faɗa. Wani babban binciken masu zaɓe na 2016 ya nuna kimanin kashi 12 cikin 100 na waɗanda suka zaɓi Sanders a fidda gwani Trump suka zaɓa a Nuwamba. Ratar Michigan da Wisconsin da Pennsylvania gaba ɗaya ba ta kai ƙuri'a 80,000 ba. Ba na ce laifinsa ba ne, ya yi wa Clinton kamfe sosai, kuma da yawa daga mutanen can dama ba 'yan jam'iyyar ba ne. Amma hakan na nuna iyakar abin da mai ƙalubale zai iya sayarwa: yana iya alƙawarin bakinsa, ba ya iya alƙawarin hannun magoya bayansa. Ted Kennedy, wanda ya sha kaye a fidda gwani, ya tilasta wa Shugaba Jimmy Carter shirin samar da aiki na dala biliyan 12 a kundin 1980, Carter ya faɗi a jihohi 44.

Ɗan Birni:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Malam, idan kundi ba ya ɗaure kowa, dokoki kuma wata majalisa na iya warware su, akwai wani abu da ya samu wanda ya zauna daram? Na ji ana maganar manyan deliget, ban gane inda aka kwana ba.

Malam Mai Nazari:

Akwai, kuma a ganina shi ne ribarsa mafi ɗorewa. Baban Yara ya yi gaskiya cewa kundi na sauyawa duk bayan shekara huɗu, kuma dokar da Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta zaftare da yawa daga rangwamen makamashi na 2022. Ƙa'idar zaɓen cikin gida ta fi wuyar juyawa.

Manyan deliget su ne gwamnoni, 'yan majalisa, 'yan kwamitin ƙoli na jam'iyya da tsofaffin shugabanni, kwatankwacin deliget na muƙami da dokar zaɓen Najeriya ta 2022 ta bari a waje. A 2016 sun haura 700, kusan kashi 15 cikin 100 na zauren, kuma kowa na da 'yancin zaɓar wanda ya ga dama. Ɗaruruwansu sun bayyana goyon bayan Clinton tun kafin a kaɗa ƙuri'a ɗaya a Iowa, kafafen labarai kuma suna haɗa su cikin lissafi, sai ratar ta yi kama da wadda ba ta cikuwa. A gaskiya ba su suka kayar da shi ba, ta fi shi ƙuri'a da sama da miliyan 3.5. Illarsu a tunanin mai zaɓe take.

A kwamitin ƙa'idoji na 2016 shawarar soke su ta faɗi, amma ta samu fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Don kada ta je zaure, aka amince da kafa hukumar gyara ta mutum 21: Clinton 9, Sanders 7, sabon shugaban jam'iyya 3, sai shugaba Jen O'Malley Dillon da mataimaki Larry Cohen. Ta miƙa rahoto a Disamban 2017. Ranar 25 ga Agustan 2018 a Chicago, kwamitin ƙoli ya zartar cewa manyan deliget ba za su yi zaɓe a zagayen farko ba, sai in wani ya riga ya samu rinjayen da ƙuri'arsu ba za ta sauya ba. Tom Perez ne ya tura wannan, mutumin da ya kayar da Ellison 235 da 200 a takarar shugabancin jam'iyya.

Gyaran ya ciji mai shi ta wani gefe. An ƙarfafa jihohi su bar zaɓen taron unguwa, inda ake tsayuwa rukuni-rukuni na awoyi, su koma akwati. A irin waɗannan taruka Sanders ya fi ƙarfi saboda magoya bayansa masu zafi ne. Minnesota da Washington da Maine da Idaho duk ya ci su a 2016 ta taron unguwa, a 2020 da suka koma akwati Biden ya cinye huɗun.

Rabon deliget gwargwadon ƙuri'a da na fara da shi ma gadon wani mai ƙalubale ne. Jesse Jackson ya zo na biyu a 1988 da ƙuri'a kusan miliyan 7, ya ga kason deliget ɗinsa bai kai kason ƙuri'arsa ba, saboda wasu jihohi na ba wanda ya ci gunduma komai ko su yi masa gyara. A cinikinsa da Michael Dukakis, wanda ya ci tikitin, ya nemi a hana wannan, daga 1992 kowace jiha ta koma rabo da sharaɗin kashi 15. Da wannan ƙa'ida Obama ya sha kaye a California da New York da Ohio da Pennsylvania a 2008 amma ya ci gaba da kwasar deliget a cikinsu har ya riƙe ratarsa a kan Clinton.